Wasan Jiragen Baffa Isuhu

A gidanmu na unguwar Rumde Ajiya, idan aka gama cin tuwo, Kaka ba ta bari a kashe murhu. Sai ta jawo tabarmarta kusa da garwashi, ta ƙara icce guda, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo, mu jikoki mu kewaye ta. Kakanninmu fatauci ne ya kawo su Garwa daga ƙasar Kano. A waje Fillanci muke yi, a lekwal, wato makarantar boko, Faransanci, amma a gaban wutar nan Hausa ce zalla. "Ku matso," take cewa, "tatsuniya ta iso, kada ta huce." Ina yarinya a lokacin, a shekarun nan da manya ke rage murya idan za su ambaci gwamnati, ko da a uwar ɗaki ne.

Baffa Isuhu, ƙanen babana, shi ne autan Kaka. Kafinta ne a tashar jiragen ruwa, inda manyan jirage ke zuwa da damina su ɗebi auduga da gyaɗa su gudu kafin Binuwai ya janye. Daga kallon wannan hada-hada ya ƙirƙiro wani wasa. Ya sassaƙa allo, ya zana kogin da lanƙwasarsa da tsibiran yashinsa. 'Ya'yan tsamiya su ne kwalekwale, ƙwallon goriba guda shi ne babban jirgi. Kowa na ƙoƙarin kai kayansa gaɓa kafin ruwa ya ƙare. Daɗin wasan kuwa a wuri ɗaya yake: idan ƙananan kwalekwale suka haɗa kai suka tare babban jirgi a inda ruwa bai da zurfi, sai ya kafe a yashi, a cire shi, su raba kayansa.

Wasan ya karɓu a unguwa. Magidanta kan zauna kansa a zaure har su makara sallar la'asar. Sai Baffa ya fara burin a buga shi a kwali mai launi, a sayar har Marwa da Yawunde, da sunansa a jiki. Ya sami wani mai buga takardu a cikin gari, mutumin ya gwada wasan ya yaba, amma ya ce ba ya buga ko harafi ɗaya sai da hatimin hukuma.

Ana gobe zai kai allon can biro, wato ofishin hukuma, Baffa ya zauna a gefenmu yana shafa masa mai. Kaka ba ta dube shi ba. Ta tona garwashi, ta ce yau tatsuniyar wani masunci za ta ba mu.

Masuncin nan, in ji ta, ya tono 'yan ramuka a bakin kogi, ya zuba tsakuwa, ya fito da wasan da ba a taɓa gani ba. Mai jin yunwa idan ya zauna kansa sai ya manta da cikinsa. Bai gamsu da ƙauyensu ba, yana so duniya ta sani, sai ya shiga kwalekwalensa ya tafi wajen mai garin da ke ƙetare. Shi kuwa mai garin tun da aka haife shi ba a taɓa kayar da shi a komai ba, don ba wanda ya taɓa yarda ya gwada. Ya tambayi masunci, "A wasan nan naka, wa ke ci?" Masunci ya ce, "Wanda ya iya, ranka ya daɗe." Suka zauna a gaban jama'a, masunci ya cinye shi. Wani yaro a bayan taro ya ƙyalƙyale da dariya. Mai gari ya yi murmushi, ya tuɓe rigarsa ya ba masunci, ya ce ya kwana a gidansa a matsayin baƙo. Da gari ya waye aka ga kwalekwale yana tafiya bisa ruwa ba kowa a ciki. Ranar aka bi gari aka cike duk wani rami, kuma duk yaron da aka kama yana tonon ƙasa da yatsa sai ya sha bulala.

"Nan ta tsaya," in ji Kaka. "Wanda ya ji ya riƙe."

Baffa ya yi dariya. "Haba Inna, ni ba wajen mai gari za ni ba. Hatimi kawai za a buga min in dawo."

"Ni da yara nake magana, Isuhu," ta ce.

Da safe ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya naɗe allon a zane, ya fita. Abin da ya faru a biron, wani masinja da ke wurin ne ya raɗa wa babana daga baya. Ya ce jami'in da ke buga hatimi ya karɓi Baffa da fara'a, har ya sa aka kawo masa kujera, ya ce ya nuna masa yadda ake yi. Baffa ya zage yana bayani. Da aka zo kan babban jirgi, jami'in ya ɗauki ƙwallon goribar yana juya shi a hannu.

"Wannan babban, shi kaɗai ne a allon?"

"Shi kaɗai ne, ranka ya daɗe."

"Kuma ƙananan idan suka haɗa kai sai su cire shi, su raba abin da ya tara?"

"Ai nan ne daɗin wasan yake," in ji Baffa.

Jami'in ya tambaye shi wa ya koya masa, da su wa yake yi, a gidan wa ake taruwa. Baffa bai fito ta ƙofar da ya shiga ba. Da yamma jandarmomi suka zo gidanmu, suka birkice ɗakinsa, suka kwashe har 'ya'yan tsamiyar da ke cikin gwangwani. Mai buga takardu ya rantse bai taɓa ganinsa ba. Magidantan da ke cika zaurenmu suka koma bin wata hanya zuwa masallaci. Babana ya yi ta yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan, har wani ya ce masa an yi da ƙanensa can kurkukun Colire, kuma idan yana son 'ya'yansa ya daina tambaya.

Kaka ta ci gaba da hana a kashe murhu, mu ma muna zuwa mu zauna. Wani lokaci ta fara tatsuniya, ta kai tsakiya ta yi shiru, idonta a ƙofar gida. Ba mai cewa ta ci gaba. A haka ta rasu, ba ta sake ganinsa ba.

Ina da aure da goyo Baffa ya dawo. Haƙoransa na gaba babu, ko zarto ba ya iya riƙewa. Wani tsohon abokinsa ya ba shi ɗaki a unguwar Jambutu, nan yake wuni a ƙofa. Da 'ya'yana suka tasa, na kai masa su na ce, "Baffa, ka koya musu wasan nan naka mana." Ya daɗe yana kallona, sannan ya waiga hagu da dama ya ce, "Wane wasa?" Har yau ban sani ba ko mantawa ya yi.

Shekaru da yawa na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne mutum ya ɓoye abin da ya iya, ya yi zamansa a ƙauyensu. Sai da na ga ɗana ya zama magidanci, yana shirin abin da nake jin tsoro kuma ba ni da ikon hana shi, sannan na gane halin da Kaka take ciki a daren da ta ba mu tatsuniyar masunci. Duk tatsuniyoyinta takan rufe su da faɗin wanda ya yi kuskure, marowaci ne ko maƙaryaci ko mai girman kai. A ta masunci ba ta ɗora wa masunci laifin komai ba. Ta san ɗanta ya yi abu mai kyau, ta kuma san ƙasar da yake ciki. Ba ta iya ce masa ya fasa ba, ba ta iya ce masa ya je ba. Sai ta gaya wa yara, shi kuwa yana zaune kusa da ita, yana ji.