Tsuyako, wadda ta ƙi korar baƙo

Kafin kowa ya motsa a masaukinmu na ruwan zafi a tsibirin Sado, Tsuyako ta riga ta tsoma hannu a wurin wanka ta ji ko ruwan ya yi daidai. Daga nan sai hawa da sauka da farantan abinci, ta durƙusa ta buɗe ƙofa, ta durƙusa ta rufe. Tun ina sabon direban masaukin na same ta a haka. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, wata mai zuwa za ta ajiye aiki. Ni ban yi karatu ba, abin da na gani kawai zan faɗa.

A nan ba a son baƙo shi kaɗai lokacin sanyi. Irinsu kan yi wanka, su ci mai kyau, washegari a tsinci takalmansu a jere a kan dutsen da ke kallon teku, su kuwa sun faɗa ruwa. Wata shekara na ɗauko wani dattijo, Morishige, daga tashar jirgin ruwa. Ba jaka, sai hoton marigayiyar matarsa. Uwargidan masaukin ta leƙo ta ce, "A ce masa ɗakuna sun cika."

"Sun cika da me? Iska?" in ji Tsuyako. "In mun kore shi, dutsen ba zai kore shi ba."

"In ya mutu mana a ɗaki fa?"

"Ki ce ni ce."

Da yamma ta kai abincin mutum biyu, ta jingina hoton gaban faranti ɗaya. Dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ba ta cin ɗanyen kifi." Tsuyako ta mayar da kifin madafa. Mai girkinmu ya ce, "Yau kuma matattu muke gasa wa kifi?" Amma ya gasa.

Da safe dattijon ya ce in kai shi ya ga teku. Kafin in tayar da mota Tsuyako ta shigo ta zauna kusa da shi, ta ce mini: "Genzo, a hankali da tuƙin haukan nan naka." A kan dutsen ta riƙe hannun rigarsa, ƙanƙara na zuba, har shi da kansa ya ce, "Mu koma, sanyi zai kashe ki."

Har yau yana zuwa duk shekara. Wasu da aka rufe wa ƙofa a garin nan, teku ce ta dawo da su.

Yaya Tsuyako, ke ce ƙofar da ba ta rufuwa. Ba wanda ya taɓa ba ki lambar yabo, kuma na san ba za a ba ki ba. Mun gode.

Ku da za ku ci gaba da aikin, sanyi na tafe. Wani zai sauko daga jirgi ba jaka. Kada a ce masa ɗakuna sun cika.