Dutsen da Turai Ta Ara

Malam Abdulsalami ya shekara talatin yana gini a Birnin Kudu, katangarsa ba ta taɓa faɗuwa ba. Da ya tsufa, ya sayi akwatin gilashi na kiwon kifi, ya jera duwatsu a ciki, ya tokare babban da ƙarami don kada ya fasa gilashin.

Ran Juma'a ya dawo daga masallaci ya tarar babban ya karkata. Ya tsoma hannu, har da babbar riga, ya tallafe shi.

"Turai! Ina ƙaramin dutsen?"

"Kaushi nake gogewa, Malam," in ji matarsa. "Ai ƙaramin na ɗauka."

"Kawo shi!"

"Saura ƙafa ɗaya."

Haka ya tsaya, kifi na zagaya hannunsa, har ta gama.