Maganin Sauron Da Na Kai Lyon

Tashi daga Clichy-sous-Bois

Na fito daga gida bayan sallar Asuba ranar Juma'a, na ɗauki hutu daga aikin dako a kasuwar Rungis. Cikin jakata akwai yaji da kwalin maganin sauro na hayaƙi, saƙon yayana Malam Ilu daga Zinder zuwa ga ɗiyarsa Balkisa, mai karatun halittu a Lyon. Ya ji tana aiki cikin sauro, shi ne ya aiko.

Amma ainihin aiken ya fi wannan nauyi. Wani ya gaya masa ana koya wa yarinyar cewa mutum jikan biri ne. Ya ce mini ta waya, "Je ka gani da idonka. In haka ne, ta tattaro ta dawo gida. Abin da ka faɗa shi zan yi."

Tiram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, ya kai ni tasha, jirgin ƙasa ya kai ni tsakiyar Paris. Ban tambayi kowa hanya ba. Tun da na shiga ajin yaƙi da jahilci nake karanta allunan tasha da kaina, ko da a hankali.

Paris

Balkisa ta zo wani taro a Paris, sai ta ce mu haɗu a babban lambun tsirrai na bakin kogi mu wuce tare. Ta rusuna ta gaishe ni, ta ja ni gaban mutum-mutumin wani dattijo da ya yi tagumi. Ta jira har na gama harhaɗa baƙaƙen sunansa. A da ita ke karanta mini takarduna.

Ta ce soja ne tun farko, daga baya ya koma nazarin tsirrai. Da shekaru suka ja aka ba shi sashen ƙwari da tsutsotsi, wanda manya suka raina. Ya yi ta jera ƙwanson dodon koɗi, na dā da na yanzu, har ya ce halittu suna sauya kama a tsawon zamani. A ganinsa raƙumin dawa miƙa wuya ya yi ta yi, 'ya'yansa suka gāda.

Na ce, "In haka ne, da 'ya'yana sun fito da kantar dako a kafaɗa."

Ta yi dariya. "Nan ya kuskure, Baffa. Waɗanda suka biyo baya sun gyara. Amma shi ya yi ƙarfin halin tambaya."

A bayan dutsen da mutum-mutumin yake kai an sassaƙa shi ya tsufa, ya makance, ɗiyarsa ta dafa shi. Ita ce ta riƙa rubuta abin da yake faɗa har ya mutu cikin talauci. Na daɗe a wurin.

Cikin jirgi

Tashar tana ƙetaren kogin, da ƙafa muka je. Tafiyar jirgin zuwa Lyon awa biyu ce. Da mai duba tikiti ya wuce, muka raba burodi da kifin gwangwani, na yi mata tambayar ba kwana-kwana.

Ta ce, "Ba zan ɓoye maka ba. Littattafanmu sun ce halittu duka dangin juna ne, har da mu. Ba su ce biri ya haife mu ba. Ina karantawa, ina tunani, sallata kuwa ban bari ba."

Muka ƙarasa burodin, muka sauka a Lyon.

Bron

Tiram ya kai mu wurin aikinta a Bron, gefen Lyon, da La'asar. Ta gilashi aka bar ni na leƙa: akwatunan raga cike da sauro, ana kiwonsu kamar kaji. Nan na miƙa mata saƙon mahaifinta. Ta juya kwalin, ta yi murmushi.

"Baffa, waɗancan na hagu ko a jikinsu. An yi ta fesa magani, masu rauni suka mutu, masu juriya suka hayayyafa. Jikokinsu ke nan. Sauyin da dattijon nan ya hango ke nan, a gabanka."

Na tuna yadda muke cika ɗaki da hayaƙi a gida, sauro na ta kukansa. Na tuna ƙanwarta Zuwaira, da zazzaɓi ya ɗauke da damina. Ba ta ambace ta ba, ni ma haka.

Na kwana wurin wani ɗan Maradi mai shagon kayan miya, ya cika ni da tuwo da hira.

Komawa

Washegari a jirgi na yi ta juya maganar. Ɗan aike ba ya rage saƙo. Da na iso ɗakina na kira Malam Ilu, na faɗa masa duka: abin da littattafan suka ce, da sallarta, da sauron.

Ya ce, "Kai me ka gani?"

Na ce, "Yaya, maganar dangantakar ta fi ƙarfin karatuna, ban gama da ita ba. Amma na ga abin da take yaƙa. A bar ta."

 Can ya ce, "To ta zauna. Ka tambayar mini ita, me za mu sa a ɗakin yara bana?"

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa mai masaukina. Tambayar kuwa da hannuna na rubuta mata ita.