Kafaɗar Hagu

Baffana tela ne, wan mahaifina, kuma ban taɓa ganin mai mance fuska kamarsa ba. Sai ka gaishe shi da safe, da rana ya tambaye ka ɗan gidan wa ne kai. Amma in ya ɗora maka tef sau ɗaya, to awonka ya zauna a kansa har abada. Shi ya sa 'yan layinmu suke kiransa Baba Inci.

Ina 'yar shekara shida yaƙi ya ci garinmu. Wata safiya masu bindiga, fuskokinsu a rufe, suka kwashe maza goma sha tara a mota, har da mahaifina. Baffa yana leƙe ta tagar shago, ba abin da ya iya yi. Ya saɓa ni a kafaɗa, ya bar keken ɗinkinsa, muka tsallake iyaka, muka sake tsallake wata. A ƙasar nan ya samu ɗan shago a ƙarƙashin bene, ya raine ni da allura da zare. Tambaya ɗaya ce ta hana shi sakat: ina aka kai ƙanensa?

Bayan shekara ashirin da biyu wani mai furfura ya kawo kwat a rage masa. Ina gefe ina saka maɓalli. Baffa ya ɗora masa tef a kafaɗa, sai na ga hannunsa ya tsaya cak. Ya daure ya gama awon, har da "a dawo jibi". Mutumin na fita Baffa ya zauna daɓas a ƙasa.

"'Yata, shi ne," in ji Baffa. "Kwamandan da ya tsaya a bakin mota. Sau uku ya sa ni ɗinka masa kaki kafin ranar. Kafaɗarsa ta hagu ta sauka da inci ɗaya da rabi, da ita na gane shi ranar duk da ya rufe fuska."

Na ce, "Baffa, wa zai saurare mu? Ai ba a ƙasar nan aka yi abin ba."

Ashe akwai mai saurare. Wata lauya ta gaya mana dokar ƙasar nan ta ba kotunanta ikon hukunta laifin yaƙi ko a ina aka aikata shi, muddin mai laifin yana cikin ƙasar. Shekara huɗu aka yi ana bincike da neman shaidu kafin a gurfanar da mutumin a kotu. Baffa ya rame, idonsa ya fara dushewa, ni nake zura masa zare a allura.

Ranar da ya ba da shaida, lauyan kwamandan, wani mai bakin tsiya, ya ce, "Tsoho, jiya awa uku muka yi tare, yau ba ka gane ni ba. Kai ne za ka gane wanda ya rufe fuska?"

Baffa ya ce, "Fuskarka kam ban riƙe ba. Amma hannun kwat ɗinka na dama ya fi na hagu tsawo. Telanka ya cuce ka."

Har alƙali sai da ya yi murmushi. Likitan kotu ya auna kafaɗar mutumin, inci ɗaya da rabi cif.

Shi Baffa ya ɗauka in ka amsa tambayoyinsu, kai ma za a amsa taka. Ya juya ya fuskanci kwamandan ya ce, "Bawan Allah, ina kuka kai su?"

Alƙali ya ce masa a hankali shaida ba ya yin tambaya. Kwamandan bai ko ɗaga kai ba.

Aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Mutane suka yi ta rungumar juna a ƙofar kotu. Ni kam baƙin ciki ne ya cika ni, don na san ba wannan Baffa ya zo nema ba.

Da muka koma shago ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin teburin yanka. Farin yadi ne, duk ya yi ja don daɗewa.

"Likkafanin babanki ne," ya ce. "Tun shekarar da muka zo na yanka, daidai tsawonsa. To yanzu ina zan kai masa?"