Mai Alli Na Rumfar Kaya

Kafin jirgin safe ya sauka, yana rumfar kaya ta filin jirgi. Zai rataye rigarsa a ƙusar da ya shekara talatin da ɗaya yana ratayewa, ya duba takardar jiragen ranar, ya shafa aljihu ya ji guntun allinsa na nan. Direban motar ɗaga kaya ne. Mai Alli ake ce masa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Buhu, kwali, inji, duk da mota yake ɗagawa. Amma in takarda ta nuna akwai gawa a jirgi, sai ya kashe motar, ya nemo mutum shida su ɗauka da hannu. Kafin akwatin ya bar cikin jirgi, zai durƙusa ya ɗaga gefen ledar da aka naɗe shi da ita, ya kwafi lambar takardar da aka manna a kai, ya rubuta a jikin katakon. Babu dokar da ta sa shi. Abokan aiki sun sha yi masa tsiya, wai malamin makaranta ya so zama bai samu ba. Shi dai yakan ce takarda manna ta aka yi, tana iya ɓamɓaruwa.

Akwai wani tela da ba zai manta da wannan ba. Yayansa magini ne, ya tafi aiki ƙasar waje, ya faɗo daga bene. Kwana ashirin da uku telan ya yi yana zarya daga ofis zuwa ofis. A gida kuwa Inna, mahaifiyarsu, ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ta ce ba za ta karɓi gaisuwar kowa ba sai ta ga ɗanta da idonta.

Ranar da gawar ta iso, akwati biyu ne a jirgin, iri ɗaya, naɗi ɗaya. Ana saukewa ruwa ya tsuge. Da aka shigo da su rumfa, wani ma'aikaci ya ga ledojin sun jiƙe sun yage, ya yanke su, ya sake manna takardun a kan akwatunan. Alheri ya yi niyya. Mai Alli yana can yana kwashe sauran kaya.

Ko da ya dawo, an sa hannu, telan da kawunsa sun loda nasu a mota. Ɗaya iyalin ma sun tada tasu motar. Tafiyar kwana biyu ce a gabansu, kuma an ce musu kada su buɗe akwatin, su binne kawai.

Da ya ga yankakkun ledojin a ƙasa, sai tsohon ya je ya tsaya a bakin get, ya ɗaga hannu.

Ran telan ya ɓaci. Ya leƙo ta taga.

"Baba, don Allah matsa. Kwana ashirin da uku nake wahala."

"To ƙara minti biyar, ɗana. Karanto mini lambar da ke hannunka."

Kawu ya ce wannan kuma wane sabon ofishi ne, na alli? Telan ya faɗi wata magana da har yau yake jin kunyarta. Mai Alli ya hau bayan motar, ya durƙusa, ya nuna farin rubutu can ƙasan katako. Telan ya duba takardarsa, ya duba allin. Ya sake dubawa. Ba su zo ɗaya ba. Lambar yayansa tana jikin akwatin da ke ɗaya motar.

Telan ya zauna a ƙasa cikin ruwan. Aka kira shugaban rumfa, aka buga waya can inda aka yi lodi, aka tabbatar. Mutum shida suka sauya akwatunan da hannu. Dattijon ɗaya iyalin ya riƙe hannun Mai Alli ya kasa sakewa.

Da la'asar aka buɗe akwatin a gidan su telan. Inna ta kai yatsa kan tabon da ke girar mamacin, na keken da ya kayar da shi yana yaro.

"Shi ne," ta ce.

Sai ta nemi ruwa ta sha, ta ce masu gaisuwa su shigo.

Bayan mako guda telan ya koma neman gafara, da kwalin allin ɗinki a hannu, don shi ne abin da yake da shi. Tsohon ya gwada a jikin benci, ya ce wannan ba ya kama katako. Ya dai zura a aljihu.

Kai ne, Mai Alli, ka tsaya gaban mota aka zage ka, ba ka matsa ba. Kai ne ka durƙusa wa ɗaruruwan mutanen da ba su san kana yi ba, ba kuma za su taɓa gode maka ba. Sau ɗaya allinka ya yi rana a shekara talatin da ɗaya, amma ba ka taɓa tsallake akwati ko ɗaya ba. Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi da gwiwa mai lafiya.

Ku kuma da kuka rage a rumfar, wata na ƙarewa za ku ga ƙusar nan babu riga. Jirgi ba zai daina kawo 'ya'yan mutane ba. Wani a cikinku ya sa alli a aljihu.