Ruwan da Ke Rawa a Kwano

Jiya injin girbin shinkafa ya shigo gonata a Bunkure. Ruwan da ke kwanon shana ya fara rawa, sai na tuna da kawuna, Allah ya jiƙansa.

Direban babbar mota ne, yaƙin Chadi da Libiya ya rutsa da shi a can. Ya yini a rami, tankokin ɓangarorin biyu suna ɓarin wuta. Tun da ya dawo, kafin ya zauna sai ya ajiye kwanon ruwa a ƙasa, sannan ya zuba masa ido, don in tanki na tafe, ruwan ne ke fara rawa.

Wata rana muna dashen tumatir, katafila ta taho gyaran hanyar ruwa. Ruwan kwanon ya motsa. Da farko kawu ya yar da fartanya, sannan ya danna ni cikin magudana, ni da nake da 'ya'ya uku. Taɓo ya cika min baki.

"Kawu, katafila ce!"

"Yi shiru, ɗan nan. Wanda ya miƙe suke harbi."

Jiya ma sai na tsinci kaina a durƙushe. Allah ya sa ƙasar da kawu yake kwance a ciki ba ta girgiza.