Ranar da Na Naɗa Paparoma Shugaban Ƙasa

Ni dai na yi firamare a makarantar da ba ta da suna, ba ta da tuta, kuma shugabar makarantar ita ce mai yi mana wanka. Mama ke nan. Malamar makaranta ce a da. To da yajin aiki ya yi yawa a ƙarshen mulkin soja, yau a buɗe gobe a rufe, sai ta ce wa Baba ita za ta koyar da 'ya'yanta a gida. Gidan haya ne a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi a Kano, ɗaki biyu da falo da ɗan tsakar gida. Ɗalibai mu uku ne: ni Markus mai shekara tara, da ƙanwata Sisiliya, da Toma, wanda ya yi karatunsa kaf a goye a bayan malama, har yau kuma yana cika baki wai ya fi mu kusanci da ilimi.

Allonmu ƙyauren kicin ne da aka shafa wa gawayi. Ƙararrawa kuwa murfin tukunya da ludayi, in Mama ta kaɗa ta, na rantse har a Unguwa Uku yara suna gyara zama. Da safe a yi addu'a, sai lissafi da ƙwallayen dabino, sai Turanci, sai katikisim, wato darasin addini. Da sha biyu ta buga, ko kana tsakiyar raba goma sha bakwai gida uku, dole ka miƙe a yi addu'ar rana, ita tana amsawa tana tsince shinkafa tana jijjiga Toma, duk a lokaci guda. Kana iya tambayar Mama komai a duniya, har me ya sa Allah ya halicci sauro, za ta ajiye tsintsiya ta yi maka bayani. Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi, ƙofar gida. Mu kaɗai ne Katolika a layin. Maƙwabtanmu mutanen kirki ne, da bakinta take faɗa, ga tuwon sallah ba ya wuce mu. Amma ta taɓa ganin gari ya rikice tana budurwa, tsoron bai sake ta ba. Daga gida sai coci, daga coci sai gida.

Darasin yamma na Kaka ne, mahaifiyar Baba. Ita ba ta yarda da risho ba, ta ce tuwonsa warin mota yake yi, don haka murhunta na duwatsu uku yana nan a kusurwar tsakar gida. Da an kira magariba a masallacin layinmu, sai ta gyara itace, ta ɗora ruwan tuwo, mu kewaye ta. Sai ta kalle ni ta ce, "Maigida, yau ma hannu biyu ka dawo min? Ko goro babu? To zauna, na yafe." Sannan ta ce, "Ga wata can tafe tana ɗingishi." Mu kuma mu ce, "Ta ƙaraso, akwai tabarma." Kafin tuwo ya nuna an gama tatsuniya, a ci abinci, a ja carbin Rosari, a watse.

A shekarar ne rediyo ya kama wata magana kamar ciwon haƙori. Za a miƙa mulki ga farar hula, farar hula na nan tafe, soja sun yi alkawari. Ban tambayi kowa ba, don ni a ganina na riga na gano. A falonmu akwai hoton Paparoma, fararen kaya, da 'yar farar hula a tsakiyar ka kamar an kifa masa faifan wasa. Duk duniya, iya duniyar da na sani, babu wani babban mutum mai farar hula sai shi. Na riƙe sirrin nan a cikina mako uku, ina kallon hoton ina jin tausayinsa, tsoho da shi zai zo ya sha zafin Kano.

Wata Lahadi bayan an taso daga Misa a coci, Baba ya lallaɓi Mama ya tafi da ni majalisarsu. Baba ma'aikacin jinya ne a asibitin koyarwa, shi da abokan aikinsa suna zama a rumfar Malam Sabo mai wankin hula, can bakin titi. Huluna jere a kan katakai suna shan rana, rediyo na ta surutu, ana ta gardama ko soja za su sauka da gaske. Wani ya ce ko a mafarki. Sai na ga mutanen nan manya suna wahala a kan abin da na sani, na tausaya musu.

Na ce, "Ai dole su sauka, tunda tun daga Roma mutumin zai taso."

Malam Sabo ya tsayar da buroshi ya ce, "Wane mutum, ɗan Malam Bitrus?"

"Paparoma mana. Shi ne mai farar hular. Muna da hotonsa a gida."

Jama'a, na sha jin dariya a rayuwata, amma ta ranar nan daban ce. Wani ya faɗo daga benci. Wani shayi ya fito masa ta hanci. Ina jin har huluna biyu suka sauko daga katako don kansu. Malam Sabo yana share hawaye ya ce, "Malam Bitrus, ashe shiri kuke yi a ɓoye ba mu sani ba! To ni dai in ya iso, a bar min wankin hular." Baba ma ya yi dariya, amma a haƙora ta tsaya.

Da muka koma gida bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Maman Markus, makarantar nan taki ta isa haka. Yaro ya san sunayen waliyyai hamsin, bai san ƙasar da yake ciki ba. Gobe zan je in nema musu gurbi a wata makaranta." Al'adar Mama ce duk yammacin Lahadi ta rubuta darasin Litinin a ƙyauren kicin. Ranar nan ta ɗauki tsumma ta goge allon tas, ta ajiye alli a taga, ta shige ɗaki. A nan na gane da bakina na rushe wa Mama makaranta.

Da magariba Kaka ta hura wuta kamar ba abin da ya faru. Ta ce, "Bitrus, jawo kujera. Ke ma 'yata, fito. Yau tatsuniyar ta fi ƙarfin yara." Ba a yi wa Kaka musu, suka zo suka zauna, kowa na kallon nasa icen.

Ta ce wai wata gafiya ce ta haifi 'ya'ya a rami mai zurfi, ta ce babu mai koya musu duniya sai ita. Ta koya musu ƙidaya, ta koya musu gane ƙanshin gero da na dawa, ta koya musu gaisuwa. Ta ce musu, babban abokin gabarku sunansa muzuru, ƙafa huɗu gare shi, yana iya yini a wuri ɗaya ko motsi ba ya yi. Amma ko sau ɗaya ba ta bari sun leƙa bakin rami ba. Rannan uban ya fita da babban ɗan. Suna shiga wani gida sai ɗan ya hangi kujerar tsakar gida, irin ta mata. Ya ƙirga, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya jira, ba ta motsa ba. Sai ya kurma ihu, "Muzuru! Kowa ya yi ta kansa!" Ɓeraye suka yi ta dariya, har kaji suka taya su. Uban ya dawo rami kunya ta ishe shi, ya ce gobe zai kwashe 'ya'yan ya kai wa kurege ya koya musu.

Kaka ta dakata, ta zuba gari a tukunya, ta kama tuƙi. Can ta ce, kamar da tukunyar take magana, "Ni abin da ya ɗaure min kai, ƙafafun nan huɗu ne kuwa. Bai ce uku ba, bai ce biyar ba. Ko wa ya koya masa ƙidaya?" Ta ƙara juya muciya. "Wani abin kuma, da an taɓa nuna masa kujera, ko daga nesa, da kaji ba su sami abin dariya ba."

Sisiliya ta ce, "To Kaka, sai aka yi yaya? An kai su wurin kuregen?"

"Ni ma nan aka tsaya min. Miƙo min mara, tuwo ya yi."

"Kaka, ba a yin haka!"

"Tambayi ubanki, shi ne mai ramin."

Baba ya daɗe yana sosa ƙeya. Sai ya ce, "Markus, zo nan. Faɗa min yadda aka yi ka kai ga Paparoma." Na jero masa tiryan-tiryan: abin da rediyo ya ce, da hoton falo, da cewa soja koriyar hula suke sawa, liman rawani, Fadan cocinmu kuwa kansa a buɗe. Ya saurare ni har ƙarshe, ya dubi Mama ya ce, "Lissafin nan babu kuskure a ciki. Hular ce kawai ba ita ba." Mama ta rufe baki da gefen zani, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Kaka ta ce, "Ke kuma uwar gafiya, kin dai ji taki." Mama ta ce, "Na ji, Inna."

Washegari murfin tukunya ya yi ƙara kamar kullum, Baba ya wuce aiki bai sake maganar gurbi ba. Amma maimakon dabino, sai Mama ta ce mu sa takalma. Ta goya Toma, ta ja mu har rumfar Malam Sabo. Ta gaishe shi ta ce, "Malam, ɗalibai na kawo maka. Ka yi musu bayanin farar hula, tunda kai ne gwanin hula." Mutumin nan ya goge hannu, ya gyara zama kamar shehin malami. Ya ce duk wanda ba ya sa kaki shi ne farar hula, ko da jar dara ce a kansa, ko da kansa a buɗe yake. Shi farar hula ne, Baba farar hula ne, Mama da ɗankwalinta ma farar hula ce.

Na ce, "Har ni?"

"Har kai."

"To Malam, in mu za a ba mulkin, yaushe za a kawo mana namu gida?"

Ya kalle ni, ya kalli Mama, ya ce, "Malama, riƙe yaron nan da kyau. Mu ma tambayar da muke ta yi ke nan a rumfar nan."

Tun daga ranar, duk Litinin a waje muke karatu. Mun je wurin maƙeri, mun je wurin mai faci, mun yini a Babban Giji muna kallon yadda ake haƙa rijiya, na yi tambayoyin da suka kusa sa mai haƙar ya ƙi fitowa.

Na yi shekaru ina ɗauka Kaka ni ta tsaya wa a yammacin nan. Sai da na haifi nawa, na fara jin gabana na faɗuwa duk sanda suka doshi ƙofa, sannan na gane ashe Mama ce Kaka ta tsaya wa. Ta ceto mata makarantarta, ta kuma gaya mata gaskiya mai ɗaci a gaban mijinta, ba tare da ta kama suna ba sai na gafiya. Abin da har yanzu nake juyawa a raina shi ne yadda Mama ta iya danne tsoronta ta fitar da mu. A wancan zuwan na farko, da za mu tsallaka titi, ta kama hannuna, na ji tafinta sharkaf da gumi, ga shi da sanyin safiya. Na ce, "Mama, zafi kike ji?" Ta ce, "Duba hagu da dama, malam sarkin tambaya." Ta ja dogon numfashi, muka tsallaka.